Aikin Barau

Ku gama dariyar tukuna, ina jiranku. Na san abin da ya ba ku dariya: tsoho ya zaro gwangwani daga aljihu, ya ɗora kwali a kan mayen ƙarfe, yana barbaɗa garin ƙarfe kamar mai sa wa tsire yaji. Kun ce wasan 'yan firamare ne, wai har a littafin makaranta an zana shi, da layuka da 'yan kibiyoyi. Gaskiyarku, an zana. Ni ma da nake da shekarunku haka na ce, na ma fi ku iya cewa, don ni har da taɓe baki nake haɗawa.

Amma ba dariyar ce ta zaunar da ni ba. Ɗazu da Isiya ya juya wayoyin batir a motar can, na ji kun haɗa baki kun ce, "Ya yi aikin Barau!" Haka ake cewa a kowane gareji a Birnin Gwari in mutum ya ɗaura abu a juye. Na kuma tabbata babu wanda ya san ko wane ne Barau a cikinku, sai Haruna mai garejin nan, don kakansa ne. Na gan ka, Haruna, ka sunkuyar da kai kana ta wanke hannun da ya riga ya fita. Aje sabulun nan ka zo ka zauna. Malam Barau maigidana ne, a hannunsa na koyi sana'a, kuma ina tsaye a wurin ranar da aka yi aikin da ake faɗa.

Zamanin Turawa ne, lokacin da wani kamfani ke haƙar zinariya a dajin nan, can wajen Kamuku. Ni ɗan maƙera ne daga Damari. Na tashi tsakanin zugazugi da masaba, ina ganin duk abin da aka yi da ƙarfe ƙanena ne. Na riga na yi aure, gemu ya fara tsiro, na je wurin haƙar a matsayin lebura. Wata rana Malam Barau ya tarar da ni ina miƙe bakin shebur a kan dutse, ya tsaya ya duba, ya ce in biyo shi rumfar inji. Tun daga bakin rami har rumfar, tafiya nake ina jin kamar an naɗa ni sarauta.

Shi ne bakaniken wurin. A Zariya ya koyo aiki, kuma inji ɗaya ne ya tara mu duka: injin famfon da ke zuƙe ruwa daga ramin haƙa. In ya tsaya, ruwa ya taru, aiki ya tsaya. Ba shi da batir irin naku. Abin da ke ba fulogi wuta shi ne magineto, wani ɗan akwatin ƙarfe da bai fi kan akuya girma ba. A cikinsa akwai dunƙulen waya mai juyawa, a kansa kuma mayen ƙarfe guda biyu, kowanne a lanƙwashe da ƙafa biyu, sun hau shi gaba da baya kamar mutum biyu a kan jaki ɗaya. Kowane maye ƙafarsa ɗaya arewa ce, ɗaya kudu. Maigida ya ɗiga jan fenti a ƙafar arewa ta kowanne.

Kayan aikinsa ba su cika jaka ba. Sifana uku, magagari, wani ƙaramin kamfas mai tsagaggen gilashi, farin kwali, da 'yan guntayen ƙarfe da ake gittawa a ƙafafun maye in an cire shi, don kada ƙarfinsa ya tsiyaye. Sai gwangwanin nan da kuke wa dariya. Shi ne wannan, ba wani ba.

Aikin farko da ya ba ni, ƙusoshi ya zube mini a gaba, ya miƙo magagari, ya ce in goge su su zama gari. Kwana bakwai ina gugar ƙusa ina tankaɗewa da tsumma. Ni da na zo in rinƙa kwance inji ana kallona, sai ga ni ina tankaɗe kamar mai shirin tuwo. Matata ta tambaye ni me nake koyo, na ce mata abin sirri ne, ba a faɗa wa mata.

Ran na takwas ya kwanto mayun nan biyu ya kwantar da su a kan tebur, ya sa ɗan katako mai kaurin yatsa biyu a tsakaninsu, ya ɗora kwali, ya ce in barbaɗa. Ya ɗan ƙwanƙwasa gefen kwalin da farce. Wallahi sai garin ya motsa ya jeru da kansa, layi layi, daga ƙafar wannan zuwa ƙafar wancan, a lanƙwashe, cunkus.

Ya ce, "Me ka gani, ɗan maƙera?"

Na ce, "Sun yi gada, Maigida."

"Arewa ke nan ta haɗu da kudu. Suna son juna. Juya ɗaya."

Na juya ɗaya, jan fenti ya koma gefe guda da jan fenti, na sake barbaɗawa. Wannan karon layukan sun taso daga kowane ɓangare kamar za su gamu, amma da suka zo kusa sai kowanne ya kauce, na sama suka yi sama, na ƙasa suka yi ƙasa. A tsakiya sai ga wani ɗan fili fes, kamar faɗin farcen babban yatsa, babu ko ƙwayar gari.

Ya ɗauko kamfas ya miƙo mini. "Gari yana nuna maka hanya, amma ba ya gaya maka wa ke tafiya, wa ke dawowa. Allura ce ke faɗin wannan. Sa ta kusa da na hagu."

Na sa. Kan allurar ya juya wa na hagu baya, ya nuna dama. Na matsar da ita kusa da na dama, ta juya ta nuna hagu. Na ɗan yi gaba da tsakiyar, ta nuna gaba, na ja ta baya, ta nuna baya. Da na tsayar da ita daidai kan filin nan sai ta rikice, tana lilo a hankali, ta rasa wanda za ta bi.

"Nan ƙarfinsu ya zo ɗaya, wannan na turowa, wancan na turowa," in ji shi. "Inda layuka suka yi cunkoso, ƙarfi ne. Inda suka yi sako-sako, maye ya gaji. Amma abin da nake so ka riƙe shi ne filin nan. In ba ka gan shi ba, kada ka ɗaura. In suka rungumi juna, a tsakaninsu ƙarfin zai ƙare, waya ba ta samun komai. Sai sun ƙi juna suke yi mana aiki. Ka ji?"

Na ce, "Na ji, Maigida." Ƙarya nake. A daidai lokacin wata Bagwariya mai kawo mana dafaffiyar doya ta sauke kwandonta a gindin kaɗanya, ina hango leburori sun yi kanta, ina lissafin ko za a bar mini. Kan kawai nake gyaɗawa. Abin da na tashi da shi a wannan darasi shi ne tsoho yana da wasa mai ban sha'awa.

Masu zuwa rumfarmu ba 'yan kamfani kaɗai ba ne. Direbobin manyan motoci da ke bin hanyar Kaduna, in magineto ya ba su matsala, nan suke sauko da shi a kafaɗa. Masu wankin zinariya kan zo aron wani tsohon maye da muke da shi, su ja baƙin yashi daga cikin ƙwaryarsu, zinariya ta rage. Akwai ranar da wani Bafulatani ya zo da saniyarsa, ya ce ta haɗiyi waya, ya ji labarin muna da ƙarfen da ke kiran ƙarfe. Maigida ba ya nan. Na gyara hula, na ɗauko mayen, na shiga shafa cikin saniya ina wani lumshe ido kamar likita. Ba ta bari na kai ƙarshe ba. Kwana uku ina ɗingishi, shi kuwa Bafulatanin har ƙasa ya durƙusa yana ba ni haƙuri, yana cewa ba ta saba da masu ilimi ba ne.

Ɗaura mayun a kan magineto kuwa, Maigida bai taɓa bar mini ba. Ni ke wankewa, ni ke gogewa, shi ke ɗaurawa. Kullum sai na ga yana fama: ya danna wannan, wancan ya zame, ya tokare da gwiwa, gumi na zuba, kafin ya samu noti ya kama. Ni kuma ina gefe ina tausaya masa a raina, ina cewa, Allah sarki, tsufa. Bari dai abin nan ya zo hannun mai jini a jika.

A shekara ta biyu idonsa ya fara tafiya. Yanar ido ce ta rufe shi sannu a hankali. Da farko sai ya ce rumfar ta yi duhu, daga baya ya koma lalube. Hannunsa kuwa lafiya lau, in ya shafa inji ya san ciwonsa, in ya saurara ya san saura. Babu wanda ya sani sai ni. Muka yi dabara: in ana buƙatar ido, sai ya ce, "Sule, me ka gani?" kamar mai jarraba almajirinsa, ni kuma in faɗa. Baturen wurin, wanda muke kira Mai Lofe don ba ya raba bakinsa da lofe, har yabonsa yake, wai Barau ya iya koyarwa. Mun san ranar da ya gane, ranar Maigida zai bar aiki, ya bar ɗakin da kamfani ya ba shi da iyalinsa a bariki.

To, sai mummunar shekarar ta zo. Lokacin Turawa na can suna babban yaƙinsu, kayan gyara sun daina zuwa, abin da ya lalace sai dai a lallaɓa. Damina kuma ta zo da hauka. Wata Litinin da hantsi aka yi ruwan da rafi ya ɓalle ya shigo rumfar inji, ya shanye injin har wuya. Kafin la'asar ruwan ya janye ya bar mana laka. Maigida kuwa yana kwance a bariki, kurkunu ya fito masa a ƙafa, ko taka ta ba ya iyawa.

Mai Lofe ya zo ya tsaya da laimarsa, ya dubi inji, ya dubi rami, ya dube ni. Yana jin Hausa daidai gwargwado. Ya ce in gaya wa Barau, in injin nan bai tashi ba zuwa azahar ɗin Alhamis, mota za ta tafi Kaduna ta ɗauko wani bakanike, shi kuma Barau ya nemi wurin zuwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu zan kai masa magineton har ɗaki."

Na kwance shi, na sa a buhu, na saɓa, kowa na kallo. Na fara biyawa ta wurin Maigida na gaya masa saƙon, amma buhun na bar shi a waje. Ya ce, "Busar da shi sosai, kusa da wuta, ba a kan wuta ba. In ya bushe ka kawo mini nan, mu ɗaura tare."

Na ce to. Na fito na ɗauki buhuna na yi ɗakina.

Kada ku ce mugunta ce. Abin da ya fi ta arha ne. So nake ran Laraba in shigo masa ɗaki in ce, "Maigida, kana jin ƙarar nan? Ni ne." Har na shirya yadda zan tsaya a bakin ƙofa.

Na yi komai yadda ya kamata, wannan kam ba zan rage wa kaina ba. Na cire mayun, na gitta musu ƙarfe, na busar da waya yini guda, na goge kowane lungu. Sai na dubi mayun na ga laka da tsatsa sun ɓata su. Na ce ina, ba za a kai wa Bature abu haka ba. Na samo toka da yashi mai laushi, na zauna na dirje su har suna ɗaukar ido. Da tsatsar, da lakar, da jan fentin Maigida, duk na bi na share. Matata ta ce sun yi kyau kamar tasar amarya, na ji daɗi ƙwarai.

Da na zo ɗaurawa, gwangwani da kwali suna nan a cikin jaka, kusa da gwiwata. Na dube su na ce wannan na masu lokaci ne. Na ɗora na farko, na kawo na biyu, sai na ji yana ture hannuna yana zamewa. Na ce, a'a, kai kuma fa? Na juya shi. Kafin in kai shi ma, ƙaf! ya fizge ya manne da ɗan'uwansa, ya zauna daram, noti ya shiga ba gardama. Na yi dariya ni kaɗai. Na ce ka ji abin da tsoho yake kwashe rabin sa'a yana gumi a kai. Ashe dai hannu ne.

Ran Laraba da sassafe na mayar da shi jikin inji. Leburori suka taru, helima, shugabansu, ya zo, na tofa yawu a tafin hannu na kama handul. Na juya. Shiru. Na sake. Shiru. Na juya har kafaɗata ta mutu, na ba wani ƙato ya karɓa, shi ma ya gaji. Injin nan ko tari bai yi ba.

Abin da ban zarga ba a yinin nan kaɗan ne. Na ce fulogi ne, na ƙona shi na goge. Na ce ruwa ya shiga fetur, aka tace da hular Bature. Na ce wayar ce. Na riƙe bakin wayar na ce a juya, abin da da can in ya fizge ka sai ka tuna kakarka, na ji ɗan tsikari kawai kamar cizon tururuwa. Da la'asar har na fara ba wa helima labarin cewa rafin nan dama an ce akwai mutanen ɓoye. Mutum ɗaya ne tak bai shigo cikin lissafina ba, shi ne wanda ke tsaye a cikin wandona. Ruwa kuwa yana ta hawa a rami, ya kusa kai katakon da aka tokare bango da su. Maigida ya aiko sau biyu a kira ni, na ce a ce masa ina zuwa.

Ran Alhamis da hantsi sai ga shi a kan jaki, ƙafa a naɗe da tsumma, kakarka, Haruna, tana jan akala. Aka sauke shi a kan benci. Mai Lofe na tsaye, motar Kaduna na fake a bakin hanya, direba ya riga ya zuba mata ruwa.

Maigida ya gyara zama. Ya miƙa hannu, na kwanto magineton na sa masa a cinya. Ya shafa shi. Ya sassauta noti, ya ɗan ja maye ɗaya, ya ji ya ƙi rabuwa da ɗayan. Hannunsa ya tsaya cik. Ya shafa ƙafafun yana neman tudun fenti, ya ji sumul. Ya ɗago fuska wajen da yake jin numfashina. Ni kuwa wallahi har a sannan ban gane me na yi ba.

Ya ce a hankali, "Sule, ɗauko sifana, mu ɗan sake zama."

Ya so ya juya shi shiru, a wuce wurin. Amma Mai Lofe ya cire lofe daga baki ya ce a tsaya. Ya ce kada a taɓa komai sai Barau ya yi hoton nan nasa, don yana so ya san ko mayun sun mutu ne, ya san abin da zai ce a kawo daga Kaduna. A cire su yadda suke, in ji shi.

Babu yadda za a yi. Na cire su a manne, na kwantar a tebur, na ɓamɓare su da ƙyar na cusa katako a tsakani, na ɗora kwali, na barbaɗa. Maigida ya ƙwanƙwasa da farce.

"Me ka gani, Sule?"

Na duba. Layuka ne cunkus, masu ƙarfi, sun tashi daga wannan sun faɗa wancan. Na nemi filin nan sama da ƙasa. Sai a lokacin maganar da aka yi mini shekara uku baya, ranar doya, ta iso kunnena.

Na ce, "Gada, Maigida."

Bature ya sunkuya ya duba. Shi ma an koya masa a makarantarsu, bai buƙaci tafinta ba. Fuskarsa ta yi ja. Ya ce mayu lafiyarsu ƙalau, juya su aka yi. Yini biyu, ruwa na cin rami, saboda an ɗaura abu a juye! Ya buga laima a ƙasa ya ce, "Wa ya ɗaura wannan?"

Kun ga bakin nan nawa da ba ya gajiya? Ranar ya mutu. Kalma biyu ce kawai, ni ne. Na tsaya ina kallon garin ƙarfe kamar an ce in ƙirga shi.

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Maigida. "Ai ka ga an kai mini ɗaki. Ni na wanke, ni na ɗaura."

Bature ya ce ƙarya ne, Barau ba ya irin wannan kuskure.

"Barau mai ido ba ya yi. Duba nan." Ya sa yatsa ya buɗe fatar idonsa, ya juya wajen haske. "Ya fi shekara ina ɓoye maka. Yaron nan ne idona. Ka bar shi ya gyara, ya iya."

Kakarka ta juya baya ta kama akalar jaki da hannu biyu.

Na juya maye ɗaya, na sake barbaɗawa, ga fili fes a tsakiya. Na bi da kamfas, allura ta yi lilo a kansa. Sai ɗaurawa. Jama'a, na danna wannan, wancan ya zame. Na tokare da gwiwa, ya kufce. Gumi ya shiga idona, ni mai jini a jika, sai da Maigida ya lalubo ya riƙe mini ɗaya da tafin hannu sannan noti ya kama. Ashe ba tsufa ba ne.

Juyi na biyu injin ya yi tari, na uku ya kama. Ruwa ya fara ambaliya daga bakin bututu. Leburori suka yi sowa, suka ɗaga ni sama suna cewa Sule ya gano, Sule ya fi maigidansa! Ina can sama a kan kafaɗun mutane ina hango shi zaune a benci, ya karkata kai yana sauraron injin, yana gyaɗa kai don ya ji bugun ya yi daidai. Kafin azahar Mai Lofe ya sallami motar Kaduna, ya ce daga yau ni ne bakanike. Barau kuma an ba shi mako guda ya kwashe kayansa.

Ni na ja jakin muka koma bariki. Muka yi rabin hanya. Can na ce, "Maigida, don me?"

Ya ce, "In na ce kai ne, mu biyu za mu tafi. Kai yau, don wauta. Ni gobe, don ba mai gaya mini abin da ke kan kwali. Gara a bar ɗaya." Sannan ya ce, "Ka ga filin?"

"Na gani."

"Da idonka, ko da kai kawai kake gyaɗawa?"

"Da idona, Maigida."

"To ya yi tsada, sai ka riƙe shi da kyau."

Ya zaro gwangwani da kamfas daga jaka ya miƙo mini. Kusasu ya koma, wajen ƙanensa, bakaniken da direbobi ke nema tun daga Zariya ya koma ɓarar gyaɗa a zaure da lalube.

Ga inda nake so ku buɗe kunne. Bai ce in yi shiru ba. Bai taɓa cewa ba. Da farko na yi shiru don kada Bature ya ji. To, kamfani ya tashi, rami ya cike da ruwa, Turawa ma suka tafi, babu sauran wanda zai kore ni daga ko'ina. Amma a lokacin na riga na zama Sule mai magineto, wanda ya gano kuskuren maigidansa, kuma sunan ya yi mini daɗin sawa. Leburori suka kai labari kasuwa, direbobi suka ɗauka suka yaɗa, "aikin Barau" ya shiga bakin mutane. In an faɗa a gabana, dariya nake yi. Ni da kaina na faɗa wa yarana, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Nakan je Kusasu in gaishe shi duk kaka. Zuwan da na yi na ƙarshe, ya ce wani direba ya tsaya shan ruwa a ƙofar gida, yana zagin yaron motarsa da aikin Barau, bai san a gaban wa yake ba. Yana ba ni labari yana dariya. Ya ce, "Ashe har yanzu ana tunawa da ni a gari." Ya juyo da fararen idanun nan wajena, ya ɗan jira. Ni kuma, gwanin magana, na tambaye shi yadda gyaɗa ta yi bana. Kafin wata kakar ya rasu. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan tambayar ba, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Shi ke nan abin da na zo faɗa. Hoton kan kwali ba shi da wuya, kun yi gaskiya, yaro ma ya zana shi. Ni shekara uku ina kallonsa, sai da ya ci aikin mutum da sunansa sannan na karanta shi.

Ungo, Haruna, riƙe. Gwangwanin kakanka ne, da kamfas ɗinsa, dama ajiya ce. Garin ciki ne kawai nawa, shi kam ni na goga. Kada ka ce mini komai yanzu, in ka je gida ka gaya wa babarka, ta fi shekara arba'in tana jin ana zagi da sunan ubanta a bakin titi.

Kai kuma Isiya, tashi ka mayar da wayoyin nan daidai. Ku sauran, ga ni zaune, da raina, ba sai kun yi a bayan idona ba. Ku sake faɗa masa abin da ya yi, ku faɗa da ƙarfi garejin can na tsallake su ji. Aikin Sule ya yi.